Ƙararrawa a hannun 'yan hurda

Sana'ata zubi ce. Tukwane nake zubawa da ludaya da kaskon tuya, wani lokaci kuma ɗan ƙaramin kayan injin ban-ruwa idan manomi ya neme shi a kasuwa ya rasa. A Wad Madani aka haife ni, a nan na koyi aikin a hannun kawuna, Allah ya jiƙansa da rahama, kuma nan na dawo bayan gudun yaƙin Sudan da muka yi zuwa Gadarif a watan Disambar 2023. Duk mai zubi abokin cinikin ɗan hurda ne, waɗanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira 'yan gwangwan, domin a hannunsu muke sayen abin da za mu narka. Don haka abin da zan faɗa da idona nake ganinsa kullum.

Tun da mutane suka fara komawa gidajensu a farkon 2025, filayen hurda suka cika suka batse da kayan da bai kamata a gan su can ba. Wayar wuta ta jan ƙarfe da aka tono daga ƙasa aka ƙone robarta, kayan cikin taransifoma, kawunan famfo, tiren shayi na tagulla wanda kana gani ka san daga kayan ɗakin wata baiwar Allah aka zaro shi. Maganar wayoyin wuta kam ta karaɗe ko'ina, musamman na Khartum, saboda kowa yana jin duhun a jikinsa. Abin da ban ji ana ambata ba shi ne ƙararrawa. Ta coci, ta makaranta, ta tashar jirgin ƙasa. Ba mai ɗaukar ta ɗungurungum ya kai sikeli, domin za a gane ta. Fasa ta ake yi da guduma, a zuba gutsattsarin a buhu tare da sauran tarkace.

Irin wannan gutsuren na tsinta a cikin tulin tagulla, ina neman abin da zan zuba bushin famfo da shi. Faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba, amma da na ɗaga sai da na gyara tsayuwa. Daga baki ne aka ɓalle shi, wurin da ƙararrawa ta fi kauri, kaurin ya kusa yatsa uku. Bayansa baƙi-baƙi ne mai ratsin kore, irin launin da tagulla ke yi idan ta shekara da shekaru tana shan iska. Inda ya karye kuwa sabo ne fil, fari-fari mai ɗan ruwan zinariya, da ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli. Tagullar famfo ba ta karyewa haka, ita lanƙwasa take yi kafin ta rabu. A jikin bayan akwai layin ganye da aka zuba tare da ita, sai haruffan boko guda biyar masu tudu, da lamba 19 wadda sauran shekarar ta tafi da wani gutsuren. Wani malamin makaranta da na nuna wa ya ce Latin ne. Ta ciki kuma na sa babban yatsana a wani ɗan kwarmi mai santsi: nan ne harshen ƙararrawar, wato ƙarfen nan da ke lilo a cikinta, ya yi ta bugu har ya ci wurin. Kafin ƙarfe ya ci tagulla haka, an yi shekaru masu yawa wani yana tashi da sassafe yana jan igiya.

Na ɗora gutsuren a kan yashin zubi, na bi lanƙwasarsa da zare da ƙusa har da'irar ta cika. Bakin ya kai santimita 60. Ƙararrawa mai wannan faɗi tana haura kilo 100. Mai filin ya ce hannu uku ko huɗu kayan suka bi kafin su iso gare shi, kuma na yarda da shi, don haka kasuwar take.

Dalilin da ya sa ake farautarta a fili yake. Tagullar ƙararrawa kusan kashi huɗu jan ƙarfe ce, kashi ɗaya kuza, kuma kuza ta fi jan ƙarfe tsada nesa ba kusa ba. Ta makulli da famfo jan ƙarfe ne da tutiya, mai arha. Yawan kuzar nan shi ke sa ƙarfen ya yi tauri ya riƙe amo ya daɗe yana kaɗawa, kuma shi ne dai ke sa shi gautsi. In an rage kuzar amon ya mutu, in an ƙara ta fiye da ƙima bugu ɗaya ya tarwatsa ta. Masu zubin Turai sun daɗe da tsayawa a wajen kashi 78 da 22 cikin ɗari.

Amma ba a ƙarfen kaɗai muryar take ba, kuma wannan ne abin da nake so abokan sana'ata su gane. Mu da muke zuba tukunya, in ta fito da ɗan kauri a gefe ɗaya ba wanda zai dawo da ita. Ƙararrawa ba ta yafe wannan. Idan aka buge ta, ba sauti ɗaya take bayarwa ba, sautuka ne da yawa a lokaci guda: akwai mai kaifi da ke fita da bugun nan take, akwai na tsakiya, akwai kuma gurnanin ƙasa wanda yake saura bayan sauran sun ɗauke. Masu gyaran murya guda biyar suke kula da su, kuma kowanne daga wani sashe na jikinta yake fitowa, wani daga baki, wani daga ƙugu, wani daga kafaɗa. A ƙasar Holan, cikin shekarun 1640, wasu 'yan'uwa biyu masu zubi, François da Pieter Hemony, suka haɗa kai da wani makaho mai kaifin kunne a birnin Utrecht, Jacob van Eyck, suka gano yadda za a daidaita waɗannan sautuka. Sai su zuba ƙararrawar da ɗan kauri, su kifar da ita baki sama a kan injin da ke juya ta, su riƙa sassaƙar cikinta kaɗan-kaɗan suna saurare. Abin da aka sassaƙe ba ya komawa. Shi ya sa ko ka tattara gutsattsarin ƙararrawa duka, ba ka yar da ko ƙwaya ba, ka narka ka sake zubawa, nauyin ne kawai zai dawo. Muryar wata ce daban.

Abin da ya fi burge ni da na kalli yadda suke aikin a bidiyo shi ne kayan da suke gina mazubin da su. Yumɓu ne da kashin doki da gashin akuya, abin da kowane tsohon maƙerin fari na Kano ko Bida zai gane da hannunsa. Su gina cikin da tubali su shafe da wannan kwaɓin, su yi ƙararrawar ƙarya ta laka a kai, su manna rubutu da ado na kakin zuma, su sake rufewa da wani kwaɓin. In ya bushe a ɗaga rigar waje, a fasa ta ƙaryar, a mayar, a binne a rami a daddanne da ƙasa. Sannan a zuba tagullar tana wajen digiri 1,100. Sanholon da nake narkawa a digiri 660 yake zama ruwa, kun ga tazarar. Makonni ake yi ana shiri, zubin kansa 'yan mintoci ne.

Ba da irin wannan Kiristoci suka fara ba. Na Gabas, na Sham da Masar da Iraƙi, wani dogon katako suke bugawa da sanda, shi ne naƙus ɗin da ya zo a littattafanmu na hadisi. Sufayen Ireland na farko ƙaramar ƙararrawar hannu suke yawo da ita, ta fallen baƙin ƙarfe da aka naɗe aka ɗinke da ƙusoshi, aikin da bai yi nisa da na kugen fadar sarakunanmu ba. A Habasha, a gidajen ibadar da ke tafkin Tana inda kogin da ya ratsa Madani ya taso, har yau akwai dogayen duwatsu da ake ratayewa a buga. Manyan ƙararrawa na zubi masu hasumiya a Turai suka bunƙasa, kuma daga can aka riƙa kawo su nan cikin jirgin ruwa.

Ƙasar nan ta daɗe da coci. Masarautun Nuba sun karɓi Kiristanci tun ƙarni na 6, Soba, birnin sarautarsu da ke kusa da Khartum, ba ta faɗi ba sai wajen shekarar 1500. Zanen bangon cocin Faras, wanda masana daga Poland suka tono a farkon shekarun 1960 kafin ruwan dam ɗin Aswan ya rufe wurin, an raba shi tsakanin Warsaw da gidan tarihi na ƙasa a Khartum, gidan da wannan yaƙi ya wawashe. Daga baya 'yan mishan na Italiya suka zo, Daniel Comboni a Khartum ya rasu a 1881. Cocin Katolika ta Saint Matthew da ke bakin kogi an kammala ta a 1908. Ta Ingilishi, All Saints, an buɗe ta a 1912 dab da fada, aka rufe ta a 1971 bayan yunƙurin juyin mulkin shekarar, daga baya aka rushe hasumiyarta aka mai da ginin gidan tarihi. Ga Kibɗawa, Kiristocin Masar, ga Girkawa 'yan kasuwa da suka gina nasu a garuruwa da dama. Duk wata tsohuwar ƙararrawa da ke ƙasar nan ta yi doguwar tafiya kafin ta iso, kuma sau da yawa sunan maƙerar da ta zuba ta da shekarar suna jikinta. Takardun ofis sun ƙone a wurare da yawa. Wannan rubutun na tagulla shi ne shaidar da wuta ba ta cika ci ba, sai dai guduma.

To amma guduma ba ita kaɗai ke kashe ƙararrawa ba. Akwai gyara.

Ina yaro a hannun Kawu, wata rana aka sauke mana wata daga bayan bokis, wato a-kori-kura. Wani dattijo ne ya kawo ta, mutumin Duwatsun Nuba, mai kula da wata ƙaramar coci a ƙauyen ma'aikatan gona. Ta tsage daga baki zuwa sama kamar taƙi ɗaya, yana so a yi mata walda kafin bikinsu. Kawu ya sa muka rataye ta da sarƙa a jikin ƙarfen rumfa. Ya ƙwanƙwasa ta da ƙotar guduma, sai ta ce ƙwas, ta yi shiru nan take, kamar tulun da mace ta ƙwanƙwasa a kasuwa ta ajiye ta wuce. Gefen tsagar biyu ke gugar juna su shanye kaɗawar. Sai ya ce in kawo kananzir da alli. Ya shafa kananzirin ta ciki, ya goge bayan tas, ya shafe shi da garin alli, muka zauna aka kawo jabana, wato gahawa. Kafin a gama shan kofin sai ga wani siririn layi mai danshi ya fito a cikin farin allin, ya zarce inda ido yake ganin tsagar ta tsaya, ya hau sama da kusan rabin taƙi. Kawu ya sa alama a ƙarshen layin, ya huda ɗan rami a daidai wurin don tsagar ta samu inda za ta tsaya. Daga nan ya ajiye kayan aiki.

Ya ce wa dattijon da Larabci, “Maƙwabci, iyakar abin da hannuna zai iya ke nan. Ka kai ta ɗaki ka ajiye, kada a sake buga ta.” Ya yanko masa guntun kwangiri, ya huda masa wurin rataya, ya ce su yi biki da wannan. Bai karɓi ko sisi ba.

Da suka tafi na ce, “Kawu, ga aiki ya zo har gida, ga iskar gas, ga sandar tagulla, me ya hana mu?”

Ya ce, “Kai yaro, wutarka wuri ɗaya za ta gasa. Nan ya buɗe, kewayensa na sanyi. In ya huce ya ja jikinsa, wa zai bi shi? Wannan ƙarfen ba ya miƙewa, tsagewa yake yi. Kuma sandar da ke hannunka ba jininsu ɗaya ba. Garin gyaran gira za ka rasa ido.”

Mutanen cocin ba su haƙura ba, kuma ban ga laifinsu ba, biki ya matso. Suka kai ta wani wurin aka liƙe tsagar da sandar tagullar tutiya, aka gurje, aka shafa fenti ruwan zinariya. Ba a rufa shekara ba sabuwar tsaga ta fito a gefen ɗinkin, ta fi ta farko tsawo.

Waldar ƙararrawa tana yiwuwa, amma ba a rumfa irin tamu ba. Masu yin ta a duniya ba su da yawa. Sukan fara da gano iyakar tsagar, da ruwan kala maimakon kananzirin Kawu, amma dabarar ɗaya ce. Sai su rarake tsagar ta zama kwari mai faɗi har ƙasa, su ɗebi ɗan ƙarfen su auna yawan kuzarsa, su zuba sandunan walda masu haɗi iri ɗaya da nata. Daga nan a gina mata tanda, a ɗumama ta gaba ɗayanta a hankali har ɗaruruwan digiri, a yi waldar tana cikin wannan zafin, mai aikin yana fama da turiri, sannan a bar ta ta huce cikin kwanaki, ba a buɗe mata iska ba. In an dace, muryarta ta asali ce ke dawowa, domin siffarta ba ta canza ba. A birnin Erfurt na Jamus akwai wadda ake kira Gloriosa, Gerhard van Wou ya zuba ta a 1497, nauyinta ya haura tan 11. Ta tsage a 1984, aka yi mata walda a cikin hasumiyar a shekara mai bi. A 2004 aka sauko da ita aka kai ta Nördlingen, wajen wata maƙera da ta ƙware a wannan aiki, aka sake ɗinke ta aka mayar. Yanzu sai a manyan bukukuwa ake kaɗa ta, don a tausaya mata.

Wani lokacin ma ba a walda. Duk wanda ya taso yana jin “Huna London” na BBC Larabci a rediyon mahaifinsa ya san amon Big Ben. Ita ba ta coci ba ce, ta agogon majalisar Ingila ce, an zuba ta a maƙerar Whitechapel a 1858, nauyinta ya haura tan 13. A 1859 ta tsage, saboda gudumar da aka sa mata ta yi mata nauyi. Bayan shekara huɗu aka yanke ɗan murabba'i a bakin don tsagar ta tsaya, aka juya ta kaɗan domin bugun ya sauka a lafiyayyen wuri, aka sa guduma mara nauyi. Da tsagarta take bugawa har yau. Ramin da Kawu ya huda a Madani da wannan yankan na London hikima ɗaya ce, shi kuwa bai taɓa jin labarinsu ba.

Mafi yawan tsagewa sakaci ke kawo ta. Tsofaffin masu zubi sukan dasa maratayin harshe na baƙin ƙarfe a cikin kan ƙararrawar tun wajen zubi. Baƙin ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi, sai ya fasa kan daga ciki, shi ya sa masu gyara ke huda shi su fitar su sa wanda ba ya tsatsa. Harshe kuma in ya daɗe yana cin wuri ɗaya, sai a kwance ta a juya ta rubu'i ya samu sabon wuri. A nan Sudan na fi ganin wani abu dabam: igiya ta tsinke ko harshe ya faɗi, sai a ba yaro guntun rodi ya riƙa dukan ta daga waje, a ƙugu, inda ta fi siranta. Sai kuma wuta da ruwa. Babbar ƙararrawar Mosko mai kusan tan 200 tana cikin raminta gobara ta kama a 1737, aka kwara mata ruwa tana da zafi, gutsure mai tan 11 ya ɓalle, ba a taɓa kaɗa ta ba ko sau ɗaya. Wanda ya shiga ginin da ya ƙone ya tarar da ƙararrawa da zafi, ya bar ta ta huce da kanta.

Yaƙi kuwa ko'ina ya je yana jin yunwar tagulla. A yaƙin duniya na biyu Jamus ta kwashe ƙararrawa wajen 175,000 daga ƙasarta da ƙasashen da ta mamaye, aka narkar da kusan 150,000 don kayan yaƙi. An tara dubbai a tashar jiragen ruwa ta Hamburg, wurin da mutane suka riƙa kira maƙabartar ƙararrawa. Waɗanda suka tsira, da yawansu sun koma garuruwansu bayan yaƙi, kuma abin da ya mayar da su shi ne an rubuta wa kowacce lamba, an ajiye kati mai faɗin bakinta da rubutun jikinta. Katunan suna nan a wani gidan tarihi a Nuremberg. A Rasha, lokacin da gwamnatin Stalin ke narkar da na coci-coci, wani attajirin Amurka, Charles Crane, ya sayi guda 18 na gidan ibadar Danilov a 1930 ya ba jami'ar Harvard. A 2008 aka mayar da su Mosko. Akwai ma wanda ya shafe mu kai tsaye: a shekarar 997 Almansur na Andalus ya kwaso ƙararrawar cocin Santiago zuwa Ƙurɗuba, aka kifar da su aka mai da su fitilun babban masallaci. A 1236 da Ƙurɗuba ta faɗi aka mayar da su inda aka ɗauko. Shekara 239 suna hannun wasu, amma da yake ba a kai su wuta ba, akwai abin mayarwa.

Na yi wannan maganar a ƙofar masallacin unguwarmu bayan la'asar, wani dattijo da nake girmamawa ya ce, “Usta, mutane ba su da ruwa ba su da magani, kai kuma ƙararrawar Nasara ce ta dame ka?”

Na ce, “Allah gafarta Malam, ba na ce a bar magani a sayi tagulla ba. Cewa na yi kada wutata ta ci kayan da aka sato.”

Ba na neman kowa ya so amon ƙararrawa. Mu da kiran salla aka ba mu. Sahabbai sun tattauna ko a yi naƙus irin na Nasara ko ƙaho irin na Yahudu, sai Abdullahi ɗan Zaidu ya yi mafarkin kalmomin kiran, Manzon Allah (SAW) ya ce a koya wa Bilal. Na san kuma hadisin da ya hana rataya ƙararrawa a wuyan dabbobin ayari. Amma duk wannan bai halatta mini dukiyar maƙwabci ba. A Suratul Hajji, aya ta 40, Allah ya ambaci ɗakunan sufaye da coci-coci da wuraren ibadar Yahudu tare da masallatai, a cikin abin da za a rusa in ba don yana kare wasu mutane da wasu ba. Kuma a yaƙin nan wanda ya cire fankar masallaci da lasifikarsa, shi ne ya hau hasumiyar coci. Mu Hausawan ƙasar nan kakanninmu da ƙafa suka zo, wasu bayan yaƙin Burmi a 1903 tare da Mai Wurno, wasu a hanyar Makka, kowa da ɗan abin da ya iya ɗauka. Gidan da har yau yake riƙe da allon kakansa ko takobinsa ya san cewa ba a auna irin wannan da kilo. A Mosul ta Iraƙi, da aka tashi gyaran gari bayan Da'ish, UNESCO da kuɗin Daular Larabawa ta gyara hasumiyar masallacin Nuri da cocin Sa'a a shiri ɗaya, aka zubo wa cocin sababbin ƙararrawa daga Normandi ta Faransa, daga maƙerar da ta gyara guda takwas na cocin Notre-Dame da ke Paris bayan gobarar 2019. Sababbi aka zubo musu. Mu namu tsofaffin wasu suna nan tukuna.

Malam bai ce ya yarda ba, amma ya ce kayan sata kam haramun ne ko na wane ne, kuma zai faɗa a karatun Juma'a.

Ba na ganin za a ɗora ƙararrawa a jirgi daga Bur Sudan zuwa Turai a wannan halin da ake ciki, kuɗin da za a kashe ya fi ƙarfin kowace ƙaramar coci. Abin da ke hannunmu yanzu shi ne ta kai lokacin da za a iya. Wanda aka kawo wa, cikakkiya ko gutsure, ya ɗauki hoton rubutun da waya daga kowane gefe, hasken rana yana zuwa a karkace don haruffan su fito, ya auna faɗin baki da tsawo, ya kai labari ga cocin da ta fi kusa, ko makarantar ko hukumar jirgin ƙasa in tasu ce. Haka nahas, tamburan tagullar shugabannin ƙabilu, su ma suna cikin wannan hatsarin. Wadda ta faɗo ƙasa a ɗora ta kan katako a inuwa, kada a bar bakinta kan siminti ko cikin danshi. Kada a sa mata injin gurza don ta yi ƙyalli, baƙin nan da koren su ne rigar da ke kare ta, kuma gurzar tana tafiya da rubutu da murya. Kada a yi mata fenti. Ruwa da burushi mai laushi sun isa. In ta tsage, ko sau ɗaya kada a ƙara buga ta don a ji ko tana nan, kowane bugu ƙara tsawon tsagar yake yi.

Wanda ke Madani ko Hasahisa ko Sinnar da Maiurno, in yana da mai tsaga ya kawo mini ko ya aiko in zo. Zan nemo ƙarshen tsagar da kananzir da alli, in huda mata rami, in yanka masa kwangirin da zai rataya kafin nan, duk ba da kuɗi ba. Walda ce dai ba zan yi ba.